Tabo Goma Sha Uku

Ranar da Sagiru ya karɓi mabuɗinsa na shiga injin ƙera hotuna, ranar kakarsa Inna Tumba ta tono hoton marigayi mijinta daga ƙasan adaka. Shi kaɗai ya rage mata, duk ya koɗe.

"Maigidan, da gaske za ka sa ya motsa? In ya motsa, na bar ka na koma wa mijina na ƙwarai."

Sagiru ya yi dariya. Ya san injin ba ya mayar da takardar da aka ba shi, amma ɗokin gwajin farko ya hana shi karanta sauran sharuɗɗan. Ya zura hoton, ya rubuta umarni layi uku.

Sai ga kakan a jikin bango yana murmushi, yana ƙifta ido, kumatu sumul. Tsagen Gobir ɗin nan da ya taso daga gefen baki har kunne, babu ko ɗaya. A ƙasa an rubuta: an gyara tabo goma sha uku.

Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Sagiru, ce wa baƙon nan ya daina kallona. Ni matar wani ce."