Hancin da Ake Yabo

Yau ma na ga Baba yana cusa ƙananan kwalabe a aljihun kwat. Shi ke haɗa giyar wuski ta kamfaninmu a garin Elgin, kuma da hanci yake aikin, ba ya kurɓa. To, satar ta mece ce? Ko ya fara sha a ɓoye?

Na bi shi gida, na banka ƙofar kicin.

Mama na tarar, kwalabe jere a gabanta, tana shinshinawa.

"Fergus, ƙamshin hayaƙin wannan ya yi yawa. Rage shi."

Baba ya gyaɗa kai kamar ɗalibi.

"Mama, mene ne haka?"

"Rufe ƙofa, Ishbel. Hancin ubanki ya mutu tun kina rarrafe. Lambobin yabon da ake ba shi duk nawa ne."