Mai Jan Jirgi da Ƙamshin Citta

Wata Lahadi ce, mun dawo daga coci a Kafanchan, sai ga wuta an kawo. Ni da yayana Bulus muka yi maza muka saka fim ɗin katun na Japan da muka aro, na samari matuƙa jiragen yaƙi. Kakarmu na zaune a bakin ƙofa tana yanka ɗanyar citta, ƙamshin ya cika falon.

Gardama muke yi kamar za mu daku. Bulus ya ce babu kamar mai farin jirgi, ni kuwa na kafe mai jan jirgi ne gwani, ko da yake na abokan gaba ne. Can sai aka harbo nawa, jirgin ya kama da wuta. Bulus ya daka tsalle yana ihu.

Kaka ta ajiye wuƙa. "Bulus, zauna. Yaron nan ko gemu ba shi da shi. Wa zai je gidansu ya gaya wa mamanshi?"

"Kaka, zane ne fa!"

"Na sani. Ko zane ne, ba da ihu ake faɗin mutuwa ba. Dattawa biyu ake turawa, su zauna, su sha ruwa tukuna."

Haka aka zo mata da labarin mutuwar ɗanta, kawunmu soja.

Har yau ina kallon katun ɗin nan, kuma ba na sakin gardama. Amma duk sa'ad da jirgi ya faɗo, ko na wane ne, sai in ji ƙamshin citta, in yi shiru.