Kunzugun Duha

Gogo Talatu ta matse ƙullun gero a ƙyallen tata, ruwan ya zubo fari tas, babu ko tsaki. Shekara ashirin tana dama koko a ƙofar gidanta a unguwar Umbadda, ba ta taɓa samun ƙyallen da ya kai wannan ba. Fari ne, mai laushi, an kewaye bakinsa da koren zare. Ta tsince shi ne maƙale a reshen darbejiyar tsakar gida bayan wata iskar damina. Ta tambayi maƙwabta biyu, ba mai shi, ta ɗauraye ta riƙe.

Kamar kullum, ita ta fara kurɓar kofin farko kafin ta zuba wa kowa. Leburori da masu raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, sun san ta da tsabta. Ƙuda ma bai isa ya sauka a murfin tukunyarta ba. Sunan da ta yi ke nan, kuma ba ta da wata dukiya da ta wuce shi.

Sai kunzugu ya shigo gidan.

Ɗanta Salih direban raksha ne. Matarsa Mawahib ta haifi 'yarsu Duha wata huɗu da suka wuce. Kunzugun yarwa ya yi tsadar da Salih ya daina kallonsa a kanti. Motar shara kuma ta manta da unguwar. Duk wanda aka yar, sai ya ƙare a kwalbatin bayan gida, karnuka su yayyaga shi, rana ta dafa shi, wari ya shigo har ɗaki.

Awadiyya, ƙawar Mawahib, ita ta ara mata wani iri. Ɗan wando ne mai launi da maɓallai, ruwa ba ya ratsa shi. A gida ana shimfiɗa masa ƙyalle a ciki, a wanke, a mayar. In za a fita sai a sa na takarda mai ruɓewa a ƙasa. 'Ya'yan Awadiyya uku duk a cikinsu suka girma.

Ranar da Mawahib ta buɗe jakar kayan aron don ta nuna wa surukarta, Gogo ta ga wandunan kawai ta kau da kai.

"Rufe. Kashin 'ya'yan wasu kika kwaso mini?"

"Ya Hajja, an tafasa su fa. Wallahi sun fi..."

"Na ce rufe."

Ta kafa doka. Ba a wanke su a famfonta, ba a shanya su a igiyarta, kuma kada idonta ya sake ganinsu. Mawahib ta ɗaura igiya a lungun bayan ɗakinta, ta sayi bokiti na daban. In Gogo za ta wuce ta wajen, sai ta toshe hanci da gefen mayafi, ta dubi bango.

Duk da haka abin bai bar ta ba. In Mawahib ta miƙo mata shayi, sai ta ƙura wa faratanta ido, ta ce ta ƙoshi. Ta daina ɗaukar Duha a cinya, ita da ta yi kuka ranar da aka haife ta. Wata rana ta ji Mawahib na zagin akuyar gidan, wai ta cinye mata ɗaya daga cikin kayan aro. Gogo ta tofar da yawu, ta ce daga yau ta bar shan nonon akuyar.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne maganar Abdulmun'im mai gini, wanda ya fi kowa daɗewa yana shan kokonta. Ya leƙa ta ƙofa ya hango ɗan wando ja a kan kujera.

"Gogo, ashe a nan ake wankin nan? To, Allah ya sa bokitin daban ne."

Benci ya ɗauki dariya. Mutum biyu suka ajiye kofi da saura.

Gogo ta sallami jama'a, ta zuba wa kanta ragowar kokon, ta shiga gida da kofin a hannu. Salih na goge rakshar.

"Ko ƙazantar nan ta bar gidan nan yau, ko ku bi ta. Kalas, na gama magana."

Salih ya san babu ɗakin da zai iya kamawa, ya kuma san uwarsa ba ta maimaita magana.

Mawahib ta fito da jakar, idonta ya yi ja. Ta shimfiɗa tabarma a gaban surukarta.

"Na ji, ya Hajja. Amma kayan aro ne, kuma ɗaya ya ɓata. Ki zama shaida ga abin da zan mayar, kada Awadiyya ta ce na ci mata."

Gogo ta yarda da wannan, don ba ta son a ce gidanta an riƙe kayan wani. Ta zauna nesa, ta kurɓi kokonta.

Mawahib ta jera wandunan gefe guda. Sannan ta fara zaro ƙyallayen ciki tana shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya.

"Goma sha ɗaya. Sha biyu aka ba ni."

A karon farko Gogo Talatu ta sauke ido ta dube su, kokon na bakinta ba ta haɗiye ba. Duk sha ɗayan farare ne, masu laushi, kowanne an kewaye bakinsa da koren zare.