Jinin da Ke Cikin Jirgin Fito

Tun da ka ce ciwon naka ba ya faɗuwa, gyara zama ka ji. An yi wani mai fito a wani gari na bakin kogi, ƙato, mai faɗa a ji, shekara talatin yana haye da mutane bai taɓa kifar da jirgi ba. Basir ya kama shi, irin mai tsiro da zubar jini, ga shi kuma wuni yake zaune a kan katako. Da abin ya ishe shi, ya saci jiki ran kasuwa ya tafi asibitin wani gari inda ba a san shi ba. Malamin asibiti ya ba shi maganin matsi, 'yan farare kamar ƙwallon dabino, ya ce ya riƙa sa ɗaya ta dubura safe da yamma, ya narke a ciki, bayan mako ya dawo a duba shi da kyau, don ba kowane jini ne na basir kaɗai ba. A hanyar komawa mai fito ya yi ta juya maganar. Shi, da furfurarsa, ya cusa wa kansa abu ta ƙasa? Ya kuma koma ya tuɓe wa malamin, sa'an ɗan cikinsa? Da ya kai tsakiyar ruwa sai ya watsa su a kogi.

Ba a jima ba mata masu kai nono suka fara ganin jini a katakon jirgi, ɗanye, alhali ba a ɗauko nama ba, ba wanda ya yanke. Ya wanke, gobe a sake gani. Aka ce mutanen ruwa ne ke neman wani abu. Ya ji, ya bar su a haka, don gara masa a ce aljanu da a ce basir. Aka yanka baƙin bunsuru a mashaya, yana tsaye yana kallo. Jini bai tsaya ba. Ya rame, tafin hannunsa ya yi fari fat, leɓɓansa kamar an shafa toka. In ya tsaya a bakin gaɓa da hantsi yana kiran masu hayewa, sai yara su watse, manya su yi ta'awizi kafin su taka jirgin. Har shi kansa ya fara tsarguwa: in ya leƙa ruwa, fuskar da ke kallonsa ba ta yi kama da ta mai rai ba. Wata ranar Laraba da rana tsaka, yana tsakiyar kogi da mutum tara, sai ya ji duniya ta yi tsit, filafilin tuƙi ya suɓuce daga hannunsa. Jirgi ya yi ta juyawa a hankali yana bin ruwa, mata na salati, shi kuwa yana zaune ido buɗe. Masunta ne suka taro su can ƙasa da gari. Kafin la'asar ya cika.

Dattawa biyu suka shiga yi masa wanka. Da suka juya shi, suka ga tsummokaran da ya yi ta naɗewa da su, suka ga abin da ke ƙarƙashi. Can babban ya sauke buta ya ce, "Allahu akbar. Ashe wannan ne aljanin."

Shi ya sa Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.