Rumbun Baba a Tele

Lubabatu ta fito zaure hannu biyu, babu tabarma, babu ko kofin ruwa. Mutari, wakilin gidan tele a Magariya, ya kafe motonsa yana murmushi, ko gajiyar hanyar Dogo-Dogo bai nuna ba.

"Ranar Juma'a kawunnaina za su zo neman aurenki," ya ce.

"Ka ce musu su yi zamansu."

Ya dube ta. Ta kau da kai.

"Yaya Mutari, rumbun wa ka nuna wa duniya shekaranjiya?"

"Rahoto ne kan tsutsar da ta cinye hatsin bana. Don a kawo wa mutane agaji na yi."

"Duk rumbunan garin nan sai na Baba ka gani? Ko mu 'ya'yansa ba ya bari mu leƙa ciki. Ya buɗe maka ne don ya ɗauke ka ɗa, kai kuwa ka zura kamera har ƙasa. Danginmu na Kano sun bugo suna tambaya ko a aiko mana da tsaba. Tun ranar bai fita majalisa ba."

"Ai ban faɗi sunansa ba."

"Akuyarmu mai karyayyen ƙaho na tsaye a gindin rumbun. Wa bai san ta ba?"

Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Hannunsa ya nufi aljihun, ya tsaya a hanya. Ta riga ta gani.

"Ɗauka mana," ta ce, ta ja mayafinta ta juya. "Wataƙila akwai sauran gidan da asirinsa bai tonu ba."