Zaɓin Injiniya

Abu na farko da Injiniya ya yi da ya dawo daga karatu shi ne sayar da tsohuwar motar lodin gumagumai ta kamfanin mahaifinsa. Shekara ashirin tana ɗaga itace a bakin daji tana ɗora wa tireloli, fentinta ya koɗe, hayaƙinta kuma ya kan riga ƙararta isowa. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya ja ta, ko ciniki bai tsaya yi ba. Injiniya ya ɗauki hakan a matsayin shaidar iya bakinsa.

Mahaifin bai hana ba. Ya dai tuna masa cewa gungume ɗari huɗu na kwance a daji, damina saura wata biyu, kuma in ruwa ya sauka hanya ta mutu, itacen a nan zai ruɓe. In ya zaɓo motar da ta kwashe su kafin nan, makullin ofis nasa ne. In bai zaɓo ba, akwai wani tebur a ɗakin ajiyar kaya, kusa da taga, iska na shiga sosai.

Mutum ɗaya ne ya damu da tafiyar tsohuwar: Kawu, direbanta, wanda sarƙa ta cinye wa yatsu biyu na hannun dama tun yana saurayi. Ya bi ta har bakin ƙofa yana cewa a tsaya, ya yi mantuwa a ciki. Injiniya ya ce duk abin da ke cikinta ya zama tsohon ƙarfe. Tun ranar Kawu yake yawo ba tabarau, yana ƙanƙance ido, Injiniya kuma ya sa wannan cikin jerin abubuwan kamfanin da suka tsufa.

Mako biyar ya yi yana zaɓe. Ya cika bangon ofis da hotuna, ya zana jadawali: nauyin da kowace mota ke ɗagawa, tsawon hannunta, shan manta, mai taya ce ko mai sarƙa. A ƙarshe ya gano cewa sabuwa fil sai ta yi wata huɗu a hanya, abin da ke rubuce a shafin farko na kowace takarda. Dole ya koma kan na hannu.

Wani dillali a bayan gari yana da guda uku. Injiniya ya ce shi ba ya sayen kaya da ido, da gwaji yake saye: gungume goma, tirela ɗaya, direba ɗaya, agogo a hannu.

Ta farko duk maɓallai ce da allo mai haske. Kawu ya kai hancinsa jikin allon, motar ta yi ta kuka kamar an taka ta. Minti goma sha tara. Ta biyu ƙatuwa ce mai dogon hannu, ta saki gungume na shida daf da takalmin dillalin. Minti goma sha shida, ban da lokacin da dillalin ya ɗauka kafin ya dawo daga inda ya gudu.

Ta uku rawaya ce shar, tana ƙamshin fenti. Mai fentin bai yi rowa ba, har farantin lambarta ya shafe. Kujera sabuwa, agogon aikinta na nuna awa ɗari tara kacal. Liban dama, ƙarfen da direba ke ja don sarrafa ta, ya ɗan lanƙwashe, dillalin ya ce sabon salo ne, don hannu ya huta. Da aka murza makulli ta yi shiru. Kawu ya kai wa wani wuri a ƙarƙashin sitiyari dunduniya, ta tashi. Dillalin ya ce maganin ɓarayi ke nan, ba kowa ya san shi ba.

Minti bakwai. Gumaguman sun jeru a tirela kamar ashana a kwali.

Injiniya ya nemi jin ra'ayin direba, don a ce ya nema.

"Ba ta da laifi, Injiniya," in ji Kawu. "Za mu saba."

Kuɗinta ya ninka na tsohuwar sau shida. Injiniya ya matsa har aka rage masa kaɗan, dillalin ya dafe ƙirji ya ce an yanke shi, amma ya karɓa da sauri.

Ranar da aka kawo ta, mahaifin ya zagaya ta sau biyu. Ya tsaya a gwiwar hannunta, ya shafa wani tudun walda da fenti ya rufe, ya dubi Kawu. Kawu ya dubi sama, kamar mai neman hadari.

An ɗauke gungume na ƙarshe saura kwana uku ruwa ya sauka. Mahaifin ya tara ma'aikata a farfajiya ya miƙa makullin ofis. Injiniya ya yi ɗan jawabi: kamfani ba ya ci gaba da ƙaunar tsohon ƙarfe, lissafi ba ya ƙarya, duk wanda ya ga aikin motar nan ya ga bambancin ilimi da sabo. Mahaifin ya gyaɗa kai, ya ce shi ma da wuya ya zaɓi wata. Ma'aikata suka tafa, wasu har da juya baya suna tari.

Sai a lokacin Injiniya ya lura da fuskar direban. Ya ga dama ce ta nuna shi shugaba ne mai kula da mutanensa.

"A'a, Kawu, tabarau ya dawo. A ina ka same shi?"

Kawu ya cire shi, ya goge da bakin riga, ya nuna rawayar motar da yatsunsa uku.

"Ƙarƙashin kujerarta, Injiniya, inda na manta da shi ranar da ka sayar da ita."