Zoben Da Ke Shan Fushi

Tun da aka fito da zoben da ke shan fushi, ba a ƙara jin ihu a gidan wasan tseren mota na unguwarmu ba. In yana yatsanka, ko motarka ta daki katanga a allo, zuciyarka sanyi ƙalau, sai ka sake zagaye. Ƙanena Hashimu, mai jifa da sitiyari a da, da zoben nan ya zama gwani.

Da hantsi na same shi yana tsere. Na jira ya gama zagayen, don ni ba mai katse mutum ba ne.

"Hashimu, Inna ta rasu."

"Allah ya jiƙanta," ya ce, idonsa a kan allo. "Yaya, ka ga kwanar nan? Ashe tun kafin gada ake taka birki."

Autan Inna ne fa wannan, wanda ko zazzaɓi ta yi sai ya kasa cin abinci. Na cafko hannunsa don in zare zoben, ya samu ya yi kukan uwarsa kamar kowa.

Babu zobe. Sai shatinsa kawai a yatsa.

Mai gidan wasan ya leƙo yana murmushi. "Ai Malam, ƙanenka ya ƙware. Tun bara ya daina buƙatarsa."

Hashimu ya janye hannunsa a hankali, ya kama sitiyari.

"Yaushe ne jana'izar? In bayan azahar ne, zan samu in gyara kwanar nan."